Makunnin Mama Rifkatu

Cikin shekarun da na yi ina aikin wutar lantarki a Zuru, ranar da na kasa mantawa ita ce wadda Saja Danjuma, tsohon soja, ya kira ni gidansa, lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa gari ba.

Matarsa, Mama Rifkatu, ta samu shanyewar ɓarin jiki, yatsunta ba sa iya danna komai. Sai ya gina mata banɗaki cikin ɗaki, ba taga, da fanka mai fitar da iska. Ɗansu ya aiko daga Legas da makunni irin wanda taɓawa kawai ake yi.

"Ɗana," Saja ya ce mini, "so nake ta shiga ta fito ba ta kira kowa ba."

Na haɗa makunnin da ƙwan fitila da fankar. In aka taɓa, ƙwai ya kama, amma fanka sai gurnani, ba ta juyawa. Ka'idar aikinmu, a gwada kowane abu shi kaɗai. Na ba fanka wuta kai tsaye, ta juya lafiya. Na bi wayoyi, babu wadda ta tsinke. A lokacin ban san cewa irin wannan makunni don ƙwai kaɗai aka yi shi ba.

Kwana uku ina zuwa. Saja ya tambaye ni, "Ka san kan makunnin nan kuwa?"

Na ce, "Baba, ƙaramin abu ne."

Rana ta huɗu na juya wayoyin bisa zato. Makunnin ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, ƙwan ma ya mutu. Na zagaye shagunan kasuwa, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Dole na sa makunni na yau da kullum. Mama ta ɗaga hannu ta gwada sau uku, ta kasa. Ta ce, "Bar shi, ɗana, ka gaji." Sannan ta kira mijinta ya kunna mata.

Kafin ɗansu ya aiko da wani, ta rasu. Saja bai taɓa yi mini maganar ba, kuma har yau in mun haɗu shi ke fara gaishe ni.

Ku da ke tasowa, rashin sani ba laifi ba ne a wannan sana'a. Da na ce "ban sani ba" tun ranar farko, da aƙalla ta kunna fitilarta da hannunta.