Ramin da Muka Haƙa da Hannunmu

Ranar kasuwa ce. Ina tsaye a kan kaskon mazarƙwaila 'yata Hauwa ta shigo a guje, ta ce an harbe mai gadin ƙofa.

Garinmu ƙarami ne, a bakin fadama. Rake muke nomawa, da mazarƙwaila aka san mu. Kakanninmu sun kewaye shi da ganuwa tun zamanin harin bayi. Ganuwar ta zube, ramin bayanta ya cike. Da 'yan bindiga suka fara cin ƙauyukan maƙwabta, dattawa suka ce a sake tone ramin. Aka yi gayya rani guda, maza na haƙa, mu muna kai kunu. Aka zurfafa shi har ya shanye namiji da hannunsa a miƙe, don kada babur ya tsallako. Ƙofa ɗaya aka bari. Damunar nan mun yi barci.

Ba su zo da babura ba. Da ƙafa suka shigo cikin masu sayayya, bindigogi a buhu. Da hantsi harbi ya tashi. Suka tsare ƙofar.

Muka gudu yamma, muka iske rami. Muka juya gabas, rami. Daga kasuwa ana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Rumbuna suka kama da wuta.

Maigidana, Baban Hauwa, ya fi kowa tsawo a unguwarmu. Ya dira cikin ramin.

"Ku sauko! Ku taka kafaɗata!"

Muka riƙa zamewa ciki, mu taka shi, mu kama saiwa a ɗaya gefen, mu fita. Yara cilla su sama yake yi. Wata tsohuwa sau biyu tana faɗowa a kansa. Da na hau, na ji kafaɗarsa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na kwanta a bakin ramin, na miƙa masa mayafina. Bai kama ba. Akwai sauran mata a bayansa.

"Maman Hauwa, kwashe yaran ki shiga rake!"

Harbin ya matso. Na tafi.

Cikin rake muka wuni, ganye na yankar mu. Azahar ta wuce, ba kiran salla. La'asar ma haka. Da magariba muka bi fadama zuwa titi. Washegari motar itace ta kawo mu Kaduna, wurin ƙanena a Badarawa. Ɗakinsa ɗaya. Shi a cikin kekensa na haya yake kwana.

Maza sun koma sun binne waɗanda suka samu. Surukata na ciki, da ɗan yayata. Baban Hauwa ba ya ciki. Ba a kuma kira mu a waya neman kuɗin fansa ba.

Matan gidan suna shigowa su zauna, su ce, "Sannu, baiwar Allah," su tashi su fita. Har yau ban shiga takaba ba.