Darnin Silima a Sabon Birni

Mun tashi da asuba daga Kaura, injin silima da farin ƙyallensa ɗaure a bayan lori. Maigidanmu na da gidajen silima uku, duk a bayan gari, don malamai ba su yarda a kafa a ciki ba. Da inji ɗaya na haya ya fara, yanzu yana neman wurin gida na huɗu. Ni na dame shi da zancen garinmu, Sabon Birnin Gobir, har ya ce in je in gwada, in an samu masu shiga ni za ni riƙe gidan. Na gaji da yaga tikiti a bakin ƙofa.

Hanya rairayi ce zalla, mun tura lorin nan fiye da yadda ta ɗauke mu. A Isa muka ya da zango, muka sha furar kwabo mai kauri wadda a Kaura sai taro, wato kwabo uku. Gero ya yi kyau bana, ko'ina damma ne jingine. Mun wuce Gatawa da la'asar, yara na bin mu suna tambaya ko bindigar Bature ce a akwatin.

Maigida na da ƙa'ida ɗaya a duk gidajensa: mutum mafi tsawo ya ɗaga hannu, a ƙara kamu guda, tsawon katanga ke nan. Da ita muka auna darnin kara a gefen kasuwa. Muka zaɓi ranar kasuwa, don fataken ƙasar Faransi da ke tsallaken iyaka na kwana a garin.

Bayan magariba inji ya kama. 'Yan tsiraru suka biya suka shigo. Ina cikin jin haushi sai na ji shewa daga sama. Na ɗaga kai, ga raƙuma sun kewaye darnin, kowane da mutum biyu ko uku a kai, har da goyo. Wasu raƙuman ma cin darnin suke yi.

Na fita da faɗa. Wani dattijo mai rawani ya leƙo ni daga sama, ya ce, "Ɗana, mi munka yi? Bisa dabbata nike, ban shiga gidan kowa ba. Matsa, kana tsare ma yaro."

Ashe ƙanen babana ne ke bayansa zaune riƙe da yaron, yana ta yi mini sannu da zuwa. Kunya ta kama ni, ga dariya kuma tana cina.

Da muka koma Kaura maigida ya tambayi yawan masu kallo, na ce gari duka. Ya tambayi waɗanda suka bi ta ƙofa, na miƙa masa 'yan kwabban da muka samu. Gida na huɗu dai a wani gari na bakin layin dogo za a gina shi, inda kowa ke tafiya da ƙafarsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na koyi cewa ma'aunin Kaura ba ya aiki a Gobir. Ga ni nan a bakin ƙofa ina yaga tikiti, kuma an aiko daga gida ana tambayar yaushe za mu komo.