Sakiyar Gwaggo

Da yaƙi ya koro mu daga Khartum, ni da ƙanwata muka sauka a Gadarif, gidan gwaggonmu, yayar babanmu. Ƙanwata ta baro karatun digiri na biyu a tsakiya. Abin da take bincike a kai shi ne yadda ƙwayar halittar jiki ke gane cewa DNA ɗinta ya lalace. A Gadarif dai babu wanda wannan ya dama. An ji ta taɓa sa farar riga, sai kowa ya koma ce mata daktora, ana kawo mata yara masu zawo.

Gwaggo kuwa mace ce mai baki. Ta tsufa tana dafa wa leburorin gonakin riɗi abinci a wajen garin Doka, kuma ba ta yarda akwai abin da ya fi ƙarfin kanta ba. Mun tarar da ita da ciwon daji a nono. Likita a birnin Madani ya ce a zo a gasa wurin da na'ura, ita kuma ta ce ba ita ba zuwa.

"Ni nama ce da za a ɗora ni a wuta? Halas, magana ta ƙare, ku rabu da ni."

Na yi faɗa, na yi kuka, na kira Allah da Annabi, duk a banza. Wata la'asar muna tsince riɗi a tsakar gida, ƙanwata ta gwada nata salon.

"Gwaggo, idan kwanson riɗi ya fashe a gona, me ke faruwa?"

"Ya zube mana. Tururuwa da tsuntsaye su yi biki."

"To haka jiki yake. Kowace ƙwaya tana da zaren gadonta a kulle a cikin ɗaki. Na'urar nan tana tsinka zaren ƙwayoyin cutar. Ƙwayar ta yi ta ƙoƙarin ɗinkewa, in ta kasa, guntayen su zubo waje. Akwai mai gadi a ciki, da ya ga zare a inda bai kamata ba sai ya kwarma ihu, sojojin jiki su taho su far wa cutar."

Gwaggo ta ajiye faifai. "Ya salam! Wato wutar ce ke kiran sojojin?"

"Kusan haka ne."

"Kwayyis, ya yi kyau. Zan je."

Ranar ƙanwata har da rangaji ta shiga ɗaki. Ni ma na yi murna, ko da yake na ɗan ji haushi, don hawayena na sati da sati bai yi abin da ƙwayar riɗi ta yi ba.

Ana sauran 'yan kwanaki mu tafi, muka dawo daga kasuwa muka ji tsakar gida na ƙaurin fata. Gwaggo na zaune a kan tabarma, gumi sharkaf, fuska cike da alfahari. Ta aika an kira mata tsohon nan mai sakiya, wanda ke yi wa leburori in kumburi ya tashi musu. Ya gasa ƙusa ta yi ja, ya ɗana mata a kan kumburin.

Ƙanwata ta saki ledar tumatir. "Gwaggo, me kika yi?"

"Ya bitti, 'yata, ba ke kika ce wuta ke kiran sojoji ba? Na kira su tun yanzu, su fara aiki kafin mu isa. Sai mu je mu tarar da na'urar da ɗan sauƙin aiki."

Na so in yi dariya, na so in shaƙe tsohon, wanda tuni ya sha shayinsa ya ƙara gaba.

Mun je Madani a bas. Likitan ya ɗaga mayafin, ya ga ƙunar ta yi ruwa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar yana neman mai hankalin cikinmu. Ya ce ba za a haska na'ura a kan gyambo ba, mu koma gida, in ya warke mu dawo. Gwaggo ta sanar da shi cewa ita ta san duk yadda abin ke aiki.

Muka dawo muna wanke ciwo safe da yamma. Ya warke kuwa, sumul. Amma kafin ya warke yaƙin ya iso Madani, hanya ta rufe, likitocin suka watse.

Daga nan ƙanwata ta daina cin abincin kirki. Ta daina amsa daktora. Ita ke juya Gwaggo, ita ke yi mata wanka, ba ta ɗaga ido ta dube ta. Abin ya fi ciwon kansa ci mini rai.

Da damina ta faɗi, Gwaggo ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Wata safiya ta kamo haɓar ƙanwata ta ɗago fuskarta.

"Ke, daina kumbura mini baki a gida. Karatunki babu laifi, ɗalibar ce ta cika rawar kai. In hanya ta buɗe ki koma ki ƙarasa. Amma in za ki sake yi wa wata tsohuwa bayani, ki fara ɓoye ƙusoshin gidan."

Ƙanwata ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Gwaggo ba ta ga yankan riɗin shekarar ba.