Malam da Faifan Bukkuyum

A wannan watan maigidana ya cika shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuwa a jarida zan fara ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da Malam, yadda ni da ɗalibansa muke ce masa. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare a Anka, ni kuma ina koyar da 'yan firamare. Yanzu ina Gusau a gidan ɗana, an gina mini ɗaki a gefe, ga fanka, ga maganin hawan jini, ga jikoki masu gaishe ni idonsu yana kan waya.

Ɗaya daga cikin jikokin nan ce ta tayar mini da wannan rubutu. Rukayya sunanta, malama ce a wata makarantar kuɗi. Kwanan baya ta shigo ɗakina tana ta tsaki, wai manhajar makarantarsu ta ƙi buɗewa, ga iyaye suna jiran sakamakon jarrabawa. Ta kira wani a waya, shi kuma daga inda yake zaune, ko takalmi bai sa ba, ya shiga kwamfutarta ya gyara. Duk da haka ta ce ya ɓata mata lokaci. Na yi dariya har sai da na yi tari, ta tambaye ni abin dariyar, na ce kakanta na tuna.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka kawo wani shiri na gwaji, aka ajiye kwamfuta ɗai-ɗai a makarantu uku, Anka da Gummi da Bukkuyum. Aka duba wa za a ɗora wa, sai aka ce ai mai lissafi ba ya rasa gane inji. Ya tafi kwas na 'yan makonni, ya dawo da ƙaton littafin Turanci da kwalin faya-fayai. Ran da na fara ganin kwamfutar na ce masa wannan ai talabijin ce da ba ta nuna kowa, sai koren rubutu. Aikinsa shi ne ya saka mata abin da yau ake kira manhaja, shi furogiram yake cewa, wanda zai riƙe sunan kowane ɗalibi da ajinsa da makin da ya ci tun shigarsa. In ta ƙi tashi shi za a nema, in ta haɗiye sunan wani shi za a zarga.

Babu wayar da ta haɗa injinan uku, Malam ne wayar. Na'urar buga takarda kuwa ɗaya ce tak, tana Anka. Saboda haka sai ya je can ya kwafo bayanai a faifai, wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, mai laushi kamar kwali, ya kawo Anka ya haɗa, ya buga, a kai Sakkwato. Gummi a mota yake zuwa, cikin 'yan kasuwar shinkafa da masu kifi, ana tafe ana gardama. Bukkuyum kuwa sai a babur, shi kaɗai, a hanyar da ko jaki yakan tsaya ya yi shawara. Abokin tafiyarsa a wannan hanya ɗan ƙaramin rediyo ne, yakan sa shi a jakar fatarsa ya bar bakin jakar a buɗe don ya riƙa ji.

Sai yanzu nake gane irin kaɗaicin da yake ciki. A duk ƙasar nan tamu babu mutum na biyu da zai tambaya in abu ya cije. Babu tarho, wasiƙa kuwa kafin amsa ta dawo an shiga wani zango. Abokansa a majalisa suna ce masa mai aljani a akwati, yana murmushi. In ya dawo gida yakan zauna ya yi ta yi mini bayanin abin da injin ya yi masa, ni ina tsintar shinkafa ina cewa to, to, alhali ko kalma ɗaya ban gane ba. Shi ma ya san ban gane ba, amma wa zai gaya wa?

Shekarar da abin ya faru, bayan an gama girbi, aka buƙaci sunayen 'yan ajin ƙarshe da makinsu na shekara uku don rajistar babbar jarrabawa. Na Anka suna hannu. Na Gummi suka iso lafiya. Na Bukkuyum kuwa, Malam ya kwafa, ya gwada a can ya ga faifan yana buɗewa, ya ɗauro jaka ya taho, da ya sa a injin Anka sai ya yi ta gurnani, babu komai. Ya koma ya sake kwafowa, haka. Ya sake, haka. Ba za a ɗauko kwamfutar kanta a babur ba, kafin a iso ta zama tarkace. A sake buga makin da hannu kuwa, lokacin da ya rage bai isa ba, don janareta ba ya daɗewa a kunne, Malam kuma da yatsa biyu yake bugu kamar kaza na tsattsaga. In faifan bai iso da rai ba, 'yan Bukkuyum ba za su zauna jarrabawa a wannan shekara ba.

Ana cikin haka wani Bafulatani mai suna Buba ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Daga rugarsu ta wajen Adabka ya taso. Ɗansa Siddi yana ajin ƙarshe a Bukkuyum, shi kaɗai ne a zuriyarsu ya kai nan a boko, kuma ba ƙaramar gardama Buba ya sha da 'yan'uwansa ba kafin a bar yaron. Ga shi rani ya kawo kai, shanu za su yi kudu, dangi sun ce in babu jarrabawa to babu dalilin barin ƙato a aji. Ina daga bayan zaure na kai musu ruwa, na ji abin da ya ce.

"Malam, ni ban san inji ba. Magana guda na zaka ji. Sunan ɗana shina ciki, ko in tahi da abuna?"

Malam ya roƙe shi ya ƙara masa kwanaki kaɗan. Buba ya ce zai jira har kasuwa mai zuwa, daga nan kuma ba shi da bakin hana shanu tafiya. Ya bar mana ƙwaryar nono ya tafi, ranar Malam ko taɓa ta bai yi ba.

Yana da wata ɗabi'a a wajen aiki wadda a lokacin take ba ni haushi. Abu ɗaya yake canzawa a kowace tafiya. Ya sa sabon faifai, bai yi ba. Ya taho da sassafe don kada zafin rana ya taɓa shi, bai yi ba. Ya naɗe kwalin a tsohon zanena saboda jijjigar hanya, bai yi ba. Kowane gwaji kuwa tafiya ce ta yini guda, ya dawo ƙugunsa kamar ba nasa ba. Na ce masa don Allah ya haɗa dabarun duka a tafiya ɗaya ya huta, ya ce in ya yi haka ko an dace ba zai san ɓarawon ba, ɓarawon da ba a sani ba kuwa zai dawo. Mutane ma ba su bar shi da shawara ba. Wasu suka ce janaretan Bukkuyum ne, wasu suka ce akawun can ne yake da mugun hannu, masinjan makaranta kuma ya rantse wata tsamiya ce a hanya, har ya kawo masa laya. Malam ya karɓa don kara, kuma wallahi ita ma sai da ya ba ta tafiyarta ita kaɗai.

Wata safiyar Asabar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zazzage jakar a kai, ya zauna yana kallon kayan. Ina gefe ina ɗinkin rigar yaro. Ya tambaye ni, ko dai kansa yake tambaya, me yake zuwa Bukkuyum da ba ya zuwa Gummi. Na ce babur da wahala. Bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi allurata, ya kai ta gaban rediyon, wajen da sauti ke fita, ya saki. Allurar ta manne ta ƙi faɗuwa. Akwai maganaɗisu a cikin lasifikar, shi kuwa faifai ba ya shiri da maganaɗisu, goge shi yake yi. An gaya musu haka tun a kwas, har yana hana mutane kusantar da irin waɗannan abubuwa ga injin, amma bai taɓa kallon rediyonsa a matsayin inji ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ya daɗe yana riƙe da rediyon a hannu, sannan ya ce a hankali, "Ashe kai na."

Na ce to abin ya zo da sauƙi, ya rataya rediyon a wuya, jakar kuma ya ɗaure ta can baya. Ya girgiza kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

"Ɗiyan mutane na cikin jakkar ga, ba ni sake gwaji da su," in ji shi. Ya miƙo mini rediyon. "Riƙe. Ki riƙa ji muna, in na dawo ki hwaɗa min."

Washegari ya tafi ba rediyo, ya dawo da la'asar, ko gida bai biyo ba ya wuce makaranta. Faifan ya buɗe. Ran kasuwa Buba ya zo, Malam ya fito da takardar da aka buga, ya kama yatsan mutumin ya ɗora a kan layin da sunan Siddi yake, tunda ba ya karatun boko. Buba ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Da ya ɗauke sai ya ce shanu su tafi ba da yaron ba, ya sa sandarsa a kafaɗa. Siddi ya zauna jarrabawa, daga baya ya zama malamin dabbobi, kuma shekaru da yawa yana zuwa gaishe ni kowace Sallah, har hanya ta lalace irin lalacewar da ba ta ramuka ba.

Daga wannan rana na zama mai karanta labarai a gidanmu. Duk ranar da ya tafi Bukkuyum nakan ajiye rediyon kusa da murhu, in kasa kunne sosai kamar mai shirin jarrabawa. In ya dawo ya yi wanka ya zauna cin tuwo, sai in fara, daga labarin duniya har gaishe-gaishe da sanarwar ɓatan jaki. Ina ƙara gishiri, ba na musu, shi kuma yana kama ni, ya ce wannan ba daga Kaduna ta fito ba, daga bakin murhu ta fito. Kafin nan shi ke magana ina cewa to. Yanzu na sami abin da ni ma zan ba shi, kuma ina jin waɗannan ne shekarun da muka fi sanin juna. Sau ɗaya ya taɓa gaya mini cewa hanyar ta yi masa tsawo, har ya kama kansa yana yi wa babur magana. Na ce ya karɓi abinsa, ya ce a'a, ya fi son nawa labaran.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, bai kai ga furfura ba. Bayansa ba a sami wanda ya iya injinan ba, aka lulluɓe su da ƙyalle a kusurwar ofis har aka manta da su. Wani lokaci ina tambayar kaina me zai ce in ya ga yau. Na san zai yi murna da gyaran da ake yi daga nesa, zai sa Rukayya ta nuna masa har sai ta gaji. Na san kuma zai tambaye ta me mai gyaran ya canza, in ta ce ba ta sani ba, ya ce to ta saurari dawowar ɓarawo. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne, yau saƙo yana zuwa Bukkuyum kafin a ƙifta ido, amma mutum sai ya yi dogon tunani da addu'a kafin ya kama hanyar da shi yake bi shi kaɗai da jakarsa.

In aka auna abin da ya bari, babu faifai ko ɗaya, babu allo da sunansa a bangon wata makaranta, ɗaliban Bukkuyum na wannan shekara ma yawancinsu ba su san an yi wannan fama ba. Akwai dai mutane da suka zauna jarrabawa a lokacinta, suka zama abin da Allah ya nufe su, wannan kuwa ya isa a kai wa Ubangiji. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Sauran abin da ya bari yana wajena. An ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa, ni kuwa nawa sabon bai san an yi mutuwa ba. Har yau da kunnen mutum biyu nake sauraron labarai. Jiya ma na ji wani da hantsi, na ce wannan sai Malam ya ji, har na tsara inda zan fara da inda zan ƙara gishiri. La'asar ta yi, na tashi na yi alwala, labarin yana nan a bakina.