Lodin Farko: Tangaran Daga Sabon Gari Zuwa Funtuwa

Mun tashi da asuba daga Samaru, ni da direbana, ko kunu ban iya sha ba don ɗoki. Da na yi ritaya daga koyarwa na haɗa kuɗin sallamata na sayi tsohuwar babbar mota, ranar kuma za ta ɗauki lodinta na farko. Duk ramin da muka faɗa kafin Hanwa a ƙirjina nake jin sa. Direba sai dariya yake yi.

A kasuwar Sabon Gari muka sami mai kayan, 'yar kudu ce haifaffiyar unguwar Muchiya, Hausarta ta fi tawa gudu. Kwalayen farantan tangaran za ta aika wa wani mai shago a Funtuwa. Kafin 'yan dako su taɓa kwali ɗaya ta ce, "Malam, ina takardu?" Na miƙa mata ina ƙafafa: lasisin direba na tuƙin babbar mota, takardar lafiyar mota, izinin ɗaukar kaya na haya, ga inshora. Ta karanta tsaf.

"Wannan inshorar ai ta wanda kuka buge a hanya ce. Ta kayana fa?"

Wallahi ban san iri biyu ba ce. Ta ce ita ba ta loda wa motar da ba ta da inshorar kaya, ga motoci nan birjik a tasha. Na roƙe ta ta ba ni awa biyu. Muka zauna wajen mai soya doya da ƙwai har ofishin inshora ya buɗe, doyar nan an yanka ta sirara kamar takarda, kuɗinta kuwa bai rame ba. A ofishin wata ma'aikaciya ta karɓi takardar da ke nuna yawan kayan da darajarsu, ta yi mini inshorar tafiya ɗaya. Da gudu na koma kasuwa, da furfurata da komai.

Hantsi ya dubi ludayi muka kama hanya. Da muka ratsa Samaru na sa direba ya danna oda a bakin layinmu don maƙwabta su shaida. Bayan Shika jami'an hanya suka tsayar da mu. Ɗaya ya buga lambar motar a wayarsa don ya ga ko inshorar ta gaske ce. Na zuba masa ido, don na san wanda ɗan kamasho ya sayar wa ta bogi. Jami'in ya ɗago ya ce, "Baba, ku sauka lafiya."

Gonakin masara kore shar dama da hagu, ina ta kallo. Mun wuce Giwa kaɗan sai ga garken shanu ya faɗo titi. Direba ya taka birki, muka ji ƙara a baya. Kwali huɗu sun zame sun fashe. Nan take na kira mai kayan.

"Akwai wanda ya ji ciwo?" ta tambaya. Na ce babu.

"To ɗauki hoto, ka kira masu inshora tun kana wurin."

Haka na yi. Suka ce mai karɓar kayan ya rubuta abin da ya fashe ya sa hannu. A Funtuwa mutumin ya rubuta, har ya saya mana balangu mai zafi, na ci kamar ban taɓa ganin nama ba. Muka samu lodin masara na dawowa, magariba ta yi mana a gida.

Shekaranjiya masu inshora suka biya mai kayan kuɗin farantanta. Abin da na koyo shi ne, mota takan zama taka, amma abin da ke bayanta amanar wani ce, kuma tun kafin a tayar da inji ake tsare ta. Yau da safe ta kira ni ta ce Litinin akwai lodin Kafanchan. Na ce gilashi ne ko tangaran? Ta ce katifu ne. Na ce alhamdu lillahi.