Hajjo da Haƙorina na Gaba

Duk Unguwar Rogo babu wanda bai san tsabtar Hajjo, matar yayana Lawwali, ba. Mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Tun tana amarya take kankare gindin tukunya har sai ya huje. 'Ya'yanta kuwa kowanne ya tashi yana sheƙi saboda dirza. In ka sha ruwa a gidanta, kafin ka ce alhamdulillahi kofin ya isa wajen wanke-wanke.

Ranar da ɗan kabu-kabu ya kayar da ni a ƙofar gidansu, haƙorina na gaba ya fita ɗungurungum, har saiwa. Ina zaune ina tofar da jini, Lawwali yana neman abin hawa, ita kuwa baiwar Allah ta tsince shi a ƙasa ta shige ciki. Toka ta sa masa da soson ƙarfe, ta bi da tafasasshen ruwa, ta goge shi tas ta naɗe a farin ƙyalle.

A asibiti likita ya ce in an zo da wuri ana mayar da haƙori ya kama. Har na fara hamdala. Hajjo ta miƙa masa ƙyallen, ya warware ya duba haƙorin. Ya ce a jikin saiwa akwai wani siririn rufi mai rai, shi sinadaran jiki ke tasarwa ya sake gina abin da ke liƙe haƙori da ƙashi, kamar siminti. Da a madara aka tsoma shi, ko aka bar min shi a baki cikin yawu, da da sauran magana. Wannan kam an kashe shi. Ya tambaya wa ya kankare shi haka.

"Ni ta, likita," in ji Hajjo tana gyara mayafi. "Mi kaka so, in kawo maka ƙazanta?"

Yanzu na roba nake sawa, in na yi magana har fito yake yi. Ita kuwa tana bin gidajen suna tana ba da labari wai likita ya ce bai taɓa ganin haƙori mai tsabta irin wannan ba. Ya faɗa ɗin, ina wurin, na kuma ji muryar da ya faɗa da ita.

Jiya ta zo duba ni, ta hango na robar a cikin kofi, ta yatsina fuska, ta fara naɗe hannun riga.

"Sadiyatu, wanga abu ya yi dauɗa, kawo in ɗan..."

Na riga ta kai hannu, na jefa shi baki na rufe. Ban sake buɗewa ba sai da ta tafi.