Shaidu Huɗu a Ɗakin Goggo

Goggona ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin wanki na asibiti, cikin tururi da warin sabulu da rugugin injinan da ke juya zannuwan gado. Da guga ta fara, ta gama tana shugabar ma'aikata. Alƙaliya suke ce mata, don in zani ya ɓace ko inji ya ƙone, ba ta tara mutane wuri ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya take kiransu, ta ja ƙofa. In labarinsu ya zo iri ɗaya sak, har wurin jan numfashi, ta san an haɗa baki.

Bayan ta yi ritaya sai ido ya ci amanarta. Karatun Littafi Mai Tsarki na kowace safiya ya koma hannun Auta, ɗanta direban babbar mota. Ni ma na iya karatu, amma ina! Muryarsa kaɗai take so, wai irin ta marigayi mijinta ce.

Wata safiya Auta ya ƙi ɗaukar littafin. Ya ce a wurin lodi an yi ta gardama, an nuna masa mutum huɗun da suka rubuta labarin tashin Almasihu ba su ma daidaita ba: wannan ya ce mala'ika ɗaya a kabari, wancan ya ce biyu, sunayen matan da suka je ma kowa da nasa. Ba zai ƙara karanta mata abin da bai yarda da shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwar da ba ta gani, ɗan abin da ya rage mata shi za ka ƙwace? Na so in wanke shi tas, Goggo ta ce in kama bakina.

Kwana da kwanaki tana zaune bakin taga da littafin a cinya, ba mai buɗewa. Ran Lahadi bayan sujada sai ta aika a kira mu huɗu da muke asibiti ranar da mijinta ya rasu: ni, da babbar 'yarta, da ƙanin marigayi, da maƙwabciyarmu. Auta yana kan hanya a ranar, gawa ya tarar. Ta zaunar da shi a gefen gadonta, ta bar mu a baranda, ta shiga kiranmu ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗi yadda abin ya faru.

Babbar 'yar ta ce nas biyu ne a kan babansu. Ƙanin marigayi ya rantse nas ɗaya ce, doguwa. Maƙwabciya ba ta ma lura da nas ba, ita dai ta tuna ana ruwa, kuma marigayi ya nemi a gyara masa matashi. Ni ce ta ƙarshe. Na ce ni ban ga ruwa ba, amma ina riƙe da hannunsa, ya tambaya ko motar Auta ta iso, sannan ya yi shiru. Ashe ba wanda ya taɓa gaya wa Auta wannan.

Goggo ta juya fuskarta wajen da take jin numfashinsa.

"To, Auta, ka ji. Nas ɗaya, nas biyu, da ruwa, babu ruwa. Babanka bai mutu ba ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce da mun shigo mun rera masa magana ɗaya kamar 'yan makaranta, ita da kanta za ta kore mu da sanda. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya kama daga inda yake tsaye, kuma duk a kan gado ɗaya muka haɗu. Haka waɗancan huɗun, duk a bakin kabarin da babu kowa ciki suka haɗu.

Auta ba ya faɗuwa da sauƙi, jinin Goggo ne. Ya share ido, ya ce har yanzu yana da sauran tambayoyi.

"Kawo su duka, ɗaya bayan ɗaya," in ji ta. "Amma sai bayan karatu."

Wallahi daɗi ya kusa kashe ni. Ya miƙa hannu ya ɗauki littafin daga cinyarta, ya tambaye ta a ina suka tsaya. Ta ce ya fara daga kabarin, kuma ya karanta mata duka huɗun.